Wanda Ya Farke Cikin Kifin Ƙarfe

Ranar Litinin da safe Lao Chen, dattijon da ke kula da kayan aiki, ya buɗe ɗakin wanke na'urori ya tarar an farke cikin Kifin Ƙarfe.

Sunan da ma'aikatan wannan cibiya ta binciken teku a Guangzhou suka laƙaba wa na'urar ke nan. Rawaya ce, tsawon mutum, da 'yan fukafukai biyu. Akan sake ta a teku ta yi ta nutsewa tana tasowa ita kaɗai, tana auna zafin ruwa da gishirinsa da yawan iskar oksijin da kifi ke shaƙa a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Duk sa'ad da ta leƙo sama takan aiko da taƙaitaccen bayani ta tauraron ɗan'adam. Cikakken abin da ta auna kuwa yana cikin wani ɗan katin ajiya a tumbinta, sai an dawo da ita an buɗe. Ta yi watanni a wani yankin teku da masunta ke kukan kifi ya yi ƙaranci, wanda ya rage kuma ya taru a sama kamar ana korar sa daga ƙasa. Hukumar kamun kifi na jiran sakamakon don ta san ko za ta rufe yankin ya huta. Ranar Asabar aka kawo na'urar, an tsara a buɗe ta yau a gaban kowa. Ga ta nan a buɗe, katin kuma babu shi.

Dakta Saffana Tankari ta iso ta tarar da ɗakin cike da masu digiri, kowa na nuni da yatsa, suna tattaka duk wani sawun da ɓarawo zai iya bari. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta taɓe baki. 'Yar Yauri ce, ɗiyar dillalin kifi, ta fi shekara goma a ƙasar Sin tana nazarin ruwan teku, kuma a iya zamanta ba ta tara mutum biyar da take ganin sun san abin da suke yi ba. Farfesa Liang, shugaban sashen, ba ya cikin biyar ɗin. Yana tsaye yana share zufa, yana ta maimaita cewa ya riga ya yi wa hukuma alkawari.

Ta ratsa su ta sunkuya kan na'urar. Jikinta duk gansakuka ne da 'yan halittu masu ɓawo da ke manne wa duk abin da ya daɗe a teku. An raba ta gida biyu tsaf, babu ƙwarzane ko ɗaya. Ma'aunai masu tsada suna nan ba wanda ya taɓa su. Ta daɗe tana kallon wani ɗan ma'auni da ke kusa da wutsiya, sannan ta miƙe.

Ɗan sandan da aka turo, Sufeto Huang, mutum ne marar yawan magana. Ya riga ya duba kyamarar farfajiya. Cikin ɗakin kansa babu kyamara. Mutum uku ne suka shiga ranar Lahadi, kowa shi kaɗai: Lao Chen, da Rabe, ɗan Kano mai gab da kammala digirin dakta, da Abdoulaziz, ɗan Maraɗi da ya fara digiri na biyu bara. Abdoulaziz ne kaɗai ya fito da jaka.

"Yaron nan Sinancinsa bai nuna ba," in ji Huang. "An ce yarenku ɗaya. Za ki yi mini tafinta?"

"Zan yi," in ji Saffana. "Amma abin da aka faɗa shi zan faɗa, ba ragi ba ƙari."

Aka fara da Abdoulaziz a ɗakin taro. Dogo ne siriri. Huang na tambaya, Saffana na fassarawa.

"Me ya kai ka ɗakin nan jiya?"

"Na mance da lema ta, Madam. Ita na je ɗauka."

"Me ke cikin jakar?"

"Littattafai."

"Lemar fa? Ba a gan ka da ita ba."

"Ban same ta ba."

"Daga nan ina ka nufa?"

"Unguwar Xiaobei. Wajen kawuna, Alhaji Mahamadou, yana da shago a benen Tianxiu."

"Me yake sayarwa?"

"Kayan waya. Caja, batura, katin ajiya."

Saffana ta fassara, Farfesa Liang ya buga tebur kamar wanda ya gano wata sabuwar nahiya. Ita kuwa kallon yaron take yi da takaici. Ta san ƙarya yake yi, kuma ta san ƙaryar ta wawaye ce, irin wadda ake yi don ɓoye ƙaramin abin kunya a faɗa cikin babba.

"Kai," ta ce masa da Hausa, "ka san inda wannan maganar za ta kai ka kuwa?"

"Wallahi Madam ban taɓa na'urar ga ba. Ko kusa ba a bari na in je."

Ta fassara wa Huang tambayarta da amsarsa duka. Huang ya karɓi fasfo ɗin yaron, ya sa aka wuce da shi ofishinsu.

Rabe ya shigo da kwat da ƙamshin turare, ya gaida kowa da Sinanci mai kyau, ya ce ba ya bukatar tafinta. Shi ne ɗan lelen Farfesa. Shi ya bi jirgin ruwa aka saki na'urar, shi ke karɓar saƙonninta na tauraro yana rarraba wa sauran, shi kuma ya koma ya ɗauko ta. Da waɗannan saƙonni ya rubuta rahoton farko cewa iskar oksijin ta wadata a ƙarƙashin yankin, babu abin da ya sami ruwan. Har an gayyace shi taro a Shanghai ya yi jawabi, kuma tun daga nan ya daina amsa sallamar 'yan kasuwar Xiaobei da baki, sai da ka.

"Me ka shiga yi jiya?" in ji Huang.

"Na je in duba ta ne kawai, ranka ya daɗe. Aikina ne na watanni. Na same ta a rufe, na bar ta a rufe."

"Wa kake zargi?"

Rabe ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka tilasta wa. "Ba na son in ɓata kowa. Amma mutanen nan na Tianxiu, komai suka gani haja ne. Yaro ne, wataƙila ya zaci abin zai yi kuɗi. Ko kuma wani kamfanin kamun kifi ya saye shi don kada a rufe musu yankin."

Farfesa na gyaɗa kai. Saffana ta dubi farcenta. Ta lura ba wanda ya tambaye shi sunan Abdoulaziz, kuma bai ambata ba, amma ya bi ya zagaye yaron da magana har ba sauran inda zai fita.

"Wa ya ciro na'urar daga ruwa ranar Juma'a?" ta tambaya.

"Ni, Dakta. Na sauka a ƙaramin kwalekwale da matuƙi ɗaya, na ɗaure ta, aka ja ta sama."

"Ka wanke ta?"

"A'a. An ce kada a taɓa abin da ya manne mata, masu nazarin halittu na so."

"Ko goge wani wuri ba ka yi ba?"

"Ko kaɗan."

"To madalla," in ji ta.

Lao Chen bai yarda ya zo ɗakin taro ba, sai su suka bi shi ɗakinsa. Yana jera sukurori yana gunaguni. Ya ce ya shiga jiya ne ya sauya ruwan kwatarnin da ake jiƙa igiyoyi, kamar yadda yake yi duk Lahadi tun kafin a haifi rabin ɗaliban nan.

"Yaya ake buɗe na'urar?" in ji Huang.

"Kafin a rufe ta ana zuƙe iskar cikinta, sai ta manne gam. In ba ka sassauta ɗan notin nan iska ta shiga ba, ko ƙarti biyu ba za su raba ta ba, sai dai su fasa."

"Wa ya iya?"

"Ni. Da wannan," ya nuna Saffana da haɓa. "Da mai turaren nan. Farfesa ma ya taɓa iyawa."

"Abdoulaziz fa?"

Chen ya yi tsaki. "Wanda ko famfo bai iya rufewa da kyau ba?"

Saffana ta jawo akwatin da ake ajiye murafen ma'aunai, 'yan jajayen robobi da ake rufe bakin kowane ma'auni da su don kada ya bushe ko ya ƙwarzanu a hanya. Gurbi ɗaya ba kowa.

"Ina na nan?"

"Meyo," in ji Chen, wato babu. "Ya bi jirgi tun ranar da aka tafi sakin ta, bai dawo ba. Yaran yanzu duk abin da ka ba su sun zubar."

Da suka fito, Huang ya ce, "Tsohon nan ya iya buɗewa. Ke ma kin iya."

"Ni kyamara ba ta gan ni ba. Shi kuwa makullin kowane ɗaki na hannunsa shekara da shekaru. In sata yake so, ma'aunan zai kwashe, ba katin da ko kuɗin shayi ba zai yi a kasuwa ba. Ka ba ni zuwa gobe, Sufeto."

"Yaron yana hannunmu har goben."

"Ya zauna. Ko ya koyi yin ƙarya mai ma'ana."

Da azahar ta shiga jirgin ƙasa zuwa Xiaobei. Ba ta son unguwar, ba ta son yadda kowa ke kiran kowa lawban, wato maigida, tun daga mai kwantena har mai ɗaukar kwali. Ta hau benen Tianxiu ta ratsa tsakanin buhunan kaya da ƙarar salatif, ta sami Alhaji Mahamadou a shagonsa ya yi tagumi.

"Hajiya Dakta, sannu da zuwa. Mi yaron ga ya yi? Uwarsa ta kira ni daga Maraɗi tana kuka."

"Alhaji, jiya ya zo nan?"

"Ya zo, bayan la'asar."

"Da jaka?"

"Hannu rabbana ya shigo. Amma yana ta ƙarnin kifi, har na ce ya je ya wanke hannu kada ya taɓa mini kaya."

Saffana ta lumshe ido. "Wa ke dafa kifi a nan kusa?"

Gidan abincin Hajiya Hawa na wani lungu bayan benen. Matar ta fara musu, ta ce ita ba ta san wani Abdoulaziz ba, ɗalibai da yawa ke cin tuwo a wurinta. Saffana ba ta yi gardama ba, ta wuce ta buɗe firinjin da ke bayan labule. Kifayen teku ne a cikin ledoji, kowace leda da lambar cibiya a jiki, kowane kifi an tsaga kansa an cire ɗan ƙashin kunnen da ake gane shekarunsa da shi.

"Ai na zubarwa ne!" in ji Hawa. "Shi ya ce mini in an gama awo zubarwa ake yi. Yana kawo mini, ni kuma ina ba shi abinci. Laifi ne?"

"Kin dafa na jiya?"

"Ga shi nan ban taɓa ba."

"Kada ki taɓa. 'Yan sanda za su zo su gani. Kuma ki gode wa Allah na firinjin ɗakinmu na wanke na'urori ya ɗauko, na ɗaya ɗakin a cikin maganin gawa ake jiƙa su."

Ta bar matar riƙe da baki. A hanya tana ta jin haushi: an tsare mutum, an karɓe fasfo ɗinsa, ana shirin kore shi daga ƙasa, duk don yana jin kunyar a ce ɗalibin digiri na biyu na musayar ragowar kifi da tuwo.

Ta koma ofis ta buɗe saƙonnin tauraron da Rabe ya riƙa rarrabawa. Ba ta taɓa duba su da kyau ba, don aikin ba nata ba ne, kuma ba ta ɓata lokacinta kan abin da Farfesa ke yabo. Ta jera awon zafin ruwa a gefe, na oksijin a gefe, ta nemo kwanakin da mahaukaciyar guguwa ta ratsa yankin a tsakiyar damina. Ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta ɗauki wayarta ta shiga zauren hirar ɗaliban Najeriya, wanda ta daɗe da toshe ƙararsa, ta yi ta komawa baya cikin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa har ta kai ranar da aka saki na'urar. Abin da take nema na nan, kamar yadda ta zata. Mutum irin Rabe ba ya yin abu kyamara ba ta gani ba.

Washegari da hantsi suka taru a ɗakin wanke na'urori: Huang, Farfesa, Chen, Rabe, da Abdoulaziz da aka kawo idanunsa sun kumbura. Saffana ta yi magana da Sinanci don kowa ya ji.

"Jakar yaron nan kifi ne a ciki. Sufeto ya aika an gani. Ɓarawon ragowar kifi ne, kuma maƙaryaci marar basira, amma bai iya buɗe na'urar nan ba. Wanda ya buɗe ta ya san notin iska, shi ya sa babu ƙwarzane. Ya bar ma'aunai masu tsada ya ɗauki kati, ke nan ba kuɗi yake nema ba, abin da ke cikin katin yake tsoro."

"Kamfanonin kamun kifi," in ji Farfesa.

"Rahoton da muka fitar cewa ya yi ruwa lafiya lau, kada a rufe yankin. Wane kamfani ne zai biya a sace hujjar da ke goyon bayansa? Ai da za su iya, gadi za su sa mata."

Saffana ta matsa kusa da na'urar.

"Ku matso ku duba nan." Ta nuna ɗan ma'aunin da ke kusa da wutsiya. "Wannan shi ke auna oksijin. Duk jikin na'urar ya yi gansakuka, har kan sukurori. Bakin wannan kuwa fes yake kamar yau aka fito da shi daga kwali, kuma gansakukar ta tsaya ta zagaye shi daidai, kamar an zana da kofi. Chen bai wanke ba. Rabe ya faɗa da bakinsa ko gogewa bai yi ba. Abu ɗaya ne ke hana teku taɓa wuri na tsawon watanni: a rufe shi. Jan murfin da Chen ke nema bai ɓata a jirgi ba. A kan ma'aunin ya tafi teku, a kansa ya zauna har ranar Juma'a, sa'ad da mutum ɗaya ya riga kowa isa gare ta a kwalekwale ya cire shi."

"Wannan zato ne kawai, Dakta," in ji Rabe, yana murmushi. "Na aiko muku da awon oksijin duk mako. Ma'aunin da ke rufe zai ba da awo?"

"Ba zai bayar da mai ma'ana ba. Tun saƙon farko ka ga haka, ka gane abin da ka yi. Da ka faɗa a ranar, da an juya jirgi an cire murfin, a yi maka faɗa a wuce wurin. Sai ka zauna ka riƙa ƙirƙiro lambobi kana rarraba mana." Ta juya kwamfutarta. "Ga makon guguwa. Zafin ruwa ya hautsine daga sama har ƙasa, don guguwa ta dama tekun kamar kunu. Wannan awon gaskiya ne, ba ka taɓa shi ba. Ga oksijin ɗinka a makon nan: lumui, ko motsi bai yi ba. Ruwa ɗaya ne, Rabe. Ko ƙaryar ma ba ka tsaya ka duba yanayin sama ba kafin ka yi ta."

Murmushin ya tafi. "Ana iya samun haka in..."

"Ga kuma wannan."

Ta ɗora wayarta a kan tebur. Bidiyon da Rabe ya tura wa zauren ɗalibai ne, da rubutu a ƙasa yana kiran kansa ɗan Arewa na farko da ya saki irin wannan na'ura a tekun Sin. Ga shi a bakin jirgi da gilashin rana, yana ɗaga wa kyamara yatsu biyu, hankalinsa duk a kan yadda zai fito. A bayansa Kifin Ƙarfe na sulalewa cikin ruwa. Ta tsayar da hoton, ta buɗa shi da yatsu. Kusa da wutsiya, jan murfin na nan daram.

Chen ya saki wata kalma da Saffana ta ga bai kamata ta fassara wa kowa ba.

"Katin na ɗauke da ainihin abin da ma'aunin ya rubuta," ta ci gaba. "Da an buɗe jiya a gaban kowa, da an ga bambancin cikin minti kaɗan. Shi ya sa ka riga mu. Ka bar ta a wangale don ta yi kama da aikin ɓarawo, ka kuma san akwai wani da ke shiga ɗakin duk Lahadi ya fita da jaka."

Huang ya matso. "Ina katin?"

Rabe bai dube shi ba. Ya juyo ga Saffana, Sinancin nan mai kyau ya gudu, ya koma Hausar Kano, murya ƙasa ƙasa.

"Yaya Saffana, don girman Allah ki rufa mini asiri. Mu fa 'yan gida ɗaya ne. Ki ce musu kuskuren na'ura ne, ke za su yarda da ke. Shi wannan ai ba abin da zai rasa, ko an kore shi shagon kawunsa zai koma. Ni kuwa saura kaɗan in gama. Mahaifina ya riga ya gaya wa duk unguwa."

Abdoulaziz ya ɗago kai ya dube shi. Saffana ta jira har ya gama, sannan ta juya ga Huang ta mayar masa da maganar cikin Sinanci, jimla bayan jimla, har da batun shagon kawu, har da na unguwa, da murya irin ta mai karanta hasashen yanayi.

"Ina katin?" Huang ya sake tambaya.

"Na jefa shi a kogi," in ji Rabe. "Daga kan gada."

Nan ne kawai fuskar Saffana ta sauya. Ma'auni ɗaya ne ya rufe. Awon zafi da na gishiri na watannin nan duka lafiyayyu ne, irin da ba a taɓa samu daga wannan yankin ba, kuma abin da tauraro ya kawo ɗan tsakure ne kawai. Duk sun bi ruwan kogi don kada a ce Rabe ya manta da murfi.

Aka tafi da shi. Cibiya ta janye rahoton, hukumar kamun kifi ta ɗage yanke shawara zuwa baɗi, masunta suka ci gaba da zuba taru a yankin da har yanzu ba wanda ya san ko kifinsa na shaƙewa ne a ƙasa. Farfesa Liang ya fara gaya wa mutane cewa shi dama ya daɗe yana shakkar yaron. Abdoulaziz ya karɓi fasfo ɗinsa da takardar gargaɗi kan kifi. Ya zo ofishin Saffana zai durƙusa, ta ce ya tashi ya je ya koyi Sinanci, ba kullum za a sami mai yi masa tafinta ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci, Alhaji Salihu, wanda ke kiran kansa shugaban 'yan Arewa na Guangzhou ko da yake ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi, ya zo ofishin Saffana da mutum biyu cikin manyan riguna a bayansa. Ya zauna ba a ba shi kujera ba.

"Dakta, abin da kika yi bai yi mana daɗi ba. Yaron nan namu ne. Irin wannan a cikin gida ake kashe ta, ba a gaban baƙi ba. Yanzu za a kore shi, sunanmu duka ya ɓaci. Mun zo ki je ki sassauta maganarki wajen hukuma."

Saffana ba ta ɗago daga takardun neman jirgin da za a sake fita da shi ba.

"Alhaji, ranar Litinin an tsare wani yaro a ofishin 'yan sanda, Bahaushe, Musulmi, bai san hawa ba bai san sauka ba. Kun ji labari?"

"Mun ji. Amma ai wannan ɗan Nijar ne, suna da nasu shugabannin."

"To ni ma masu binciken teku ne mutanena, kuma Rabe ba ya cikinsu." Ta miƙa hannu ta danna ƙararrawa. "Lao Chen zai raka ku ƙofa. Ku bi a hankali, kada rigunanku su taɓa mana kayan aiki."